Goro: Daga Zangon Kurmi Zuwa Zaurukan Birnin Kudu da Gwaram

 Yau shirinmu zai bi sawun goro ne, daga faifan mai talla a kasuwar Birnin Kudu da ta Sara a ƙasar Gwaram, har zangunan Hausawa na Kurmi da ƙasar Gana. Amma kafin nan, bari mu fara leƙa wasu mutane da ke can tsakiyar tekun Fasifik.

Mutanen tsibiran Tonga da Samowa da Fiji suna da wata saiwa mai suna kava, dangin masoro ce. Busar da ita ake yi, a daka, a jiƙa, a tace a cikin babban akushin katako, sannan a riƙa ɗiba da ɓawon kwakwa ana miƙa wa mazauna ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami. Ba ta da barasa. Takan ɗan kashe harshe, ta sa jiki ya saki. Da ita suke naɗin sarauta, da ita suke tarbar baƙo. Da neman abinci ya watsa su zuwa Niyu Zilan da Ostareliya da jihar Yuta ta Amurka, sai suka tafi da abarsu. Da daddare maza kan yi da'ira a gareji ko zauren coci, suna sha suna waƙa da harshen gida, suna tara gudummawar karatun yara da ta rasuwa. A 2019 gwamnatin Ostareliya ta ƙara yawan kavar da matafiyi zai iya shiga da ita daga kilo 2 zuwa kilo 4.

Duk Bahaushen da ya ji wannan labari, goro zai faɗo masa a rai. Sai dai su waɗancan a gonar gida suke haƙo tasu saiwar su kai baƙunta. Goro kuwa ba ya yi a ƙasar Hausa, itacen kurmi ne mai son ruwa da inuwa. Fita aka yi nemansa, kuma wannan fitar ce ta haifi da yawa daga zangunan da Hausawa ke zaune a cikinsu yau.

Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 fataucin ya kai ƙololuwa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Madugu ne uban tafiya, jagaba na gaba yana duba hanya. Ayari kan loda wa jakuna kanwa da jemammun fatu da baƙin rini, a yi watanni kafin a sauka Salaga, inda goron Asante ke jira. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, sai yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa tarwatsa fataken. Wasu suka nufi Kumasi, wasu Ankara, wasu Kete Karachi. Cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Kete Karachi har rasuwarsa a 1934.

A wannan fatauci Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara tara dukiya, yana ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Alhaji Aliko Ɗangote, a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatun sakandare. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, kuma Yarbawa suka rungumi noman goron Gwanja, sai akalar kasuwa ta juya ƙasar Yarbawa. Unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu a 1916, Agege da Sabon Shagamu suka cika da dillalai da masu masauki, kowane zango da sarkinsa da limaminsa.

Har yanzu daga can yawancin goron da ake ci a kudancin Jigawa yake fitowa. Manyan motoci kan sauke shi a kasuwar goro ta Mariri a Kano, wadda ke bakin titin da ya bi ta Wudil ya nufo Birnin Kudu, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su sara su rarraba ƙauyuka.

Duk wanda ya tsaya kusa da mai goro da sassafe zai ga sana'ar ba ta son gaggawa. Yakan kwance huhu, ya ɗaga ganyen da aka naɗe goron da shi, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa yana neman mai sankara, don guda ɗaya kan lalata sauran. Ya ware fari daban, ja daban, marsa a gefe, minu a gefe. Sai ya yayyafa wa algarara ruwa ya lulluɓe, don kada iska ta busar da shi. Dattijo in ya zo, daushe zai tambaya, wato wanda ya kwana biyu a ajiye ɗacinsa ya kwanta. Mai biki kuwa ƙwarya yake saye, goro ɗari ke nan.

To, a can zango fa? Ɗan Gwaram da ya je cin rani Agege ya zarce, ko ɗan Birnin Kudu da ya yi shekaru a Sabo, ranar da aka yi masa haihuwa goro zai aika gida-gida a sanar da suna. Ranar ɗaurin aure a ƙofar masallacin unguwa, waliyyi da wakili na gaban liman, an ambaci sadaki, shaidu sun ji, sanƙira ya ɗaga murya, sai a shafa fatiha a fara rabo. Ana raba wa har maƙwabta Yarbawa, waɗanda su ma goro ke da daraja a al'adarsu. Akan kuma ƙulle wani kaso a ba direban da zai hau Arewa, ya kai wa iyaye da kawunnai, su tauna su sa albarka. Yaron da aka haifa a can, wanda Yarbanci ya fi kama bakinsa, a irin wannan zama yake koyon durƙusa wa manya da karɓar abu da hannu biyu.

Al'adar na fuskantar sauyi. Tsada ta sa gidaje da dama sun koma haɗa goro kaɗan da alawa da dabino a leda, samari da yawa kuma ba sa son ya rina musu haƙori. Likitoci na jan kunnen masu hawan jini da gyambon ciki su rage, saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsa, wanda shi ne ke hana direba da ɗalibi barci.

Akwai kuma ƙasar da ba a shiga da shi. Hukumomin Saudiyya sun haramta shigar da goro, kuma shekara da shekaru Hukumar Alhazai ta Ƙasa tana gargaɗin maniyyata a kan haka. Don haka maniyyatan Birnin Kudu da Gwaram, a bar goro a gida, a raba wa 'yan rakiya kafin a hau mota.