Shin CIA ce ta ƙirƙiro zanen su Jackson Pollock?

Maganar ta daɗe tana yawo, har a bakin masu ilimi. Wai salon zanen nan na Amurka da ba ka ganin mutum ko doki ko bishiya a cikinsa, sai layuka da launuka, wanda Turawa ke kira Abstract Expressionism, hukumar leƙen asiri ta CIA ce ta ƙirƙiro shi don ta dusashe hasken Tarayyar Soviet. Wasu kuma su ƙara da cewa babu wata gwaninta a ciki, mashayi ne kawai ya watsa fenti. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar farko, shi ya sa ta ƙi mutuwa, sai dai an juya ta baibai.

A duba shekaru tukuna. An kafa CIA a 1947. Jackson Pollock ya yi nunin zanensa na farko shi kaɗai tun 1943, a zauren Peggy Guggenheim da ke New York, kuma a 1946 Robert Coates na mujallar The New Yorker ya riga ya laƙaba wa salon wannan suna. Ɗa ba ya riga uwarsa zuwa duniya.

Tushen abin talauci ne da gudun hijira. Da tattalin arzikin Amurka ya karye, gwamnatin Roosevelt ta buɗe wani shiri a 1935 na ɗaukar masu zane aiki. Pollock da Lee Krasner da Mark Rothko da Arshile Gorky duk sun ci abinci daga nan, a nan kuma da yawansu suka san juna. A 1936 Pollock ya shiga ɗakin gwaji na David Siqueiros, ɗan Meziko kuma ɗan gurguzu na gani-kashe-ni, inda ake zuba fenti mai ruwa maimakon shafa shi. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya koro irin su Max Ernst da André Masson daga Turai, suka iso da dabararsu ta sakin hannu ya bi abin da zuciya ta kawo ba tare da shiri ba. Ko cewa salon na Amurka ne zalla ma ba daidai ba ne: an haifi Rothko a ƙasar da yau ake kira Latbiya, Willem de Kooning ɗan Holan ne, Gorky Ba'armeniye, shi kuwa Kandinsky ɗan Rasha ya bar zana siffofi tun wajen 1911.

To ina gaskiyar take? A 1950 aka kafa wata ƙungiyar marubuta da masana, Congress for Cultural Freedom, wadda CIA ta riƙa ba kuɗi a ɓoye har asiri ya tonu a 1966 da 1967. Thomas Braden, wanda ya jagoranci wannan ɓangare a CIA, tsohon sakatare ne a MoMA, babban gidan zanen zamani na New York. MoMA ɗin ce ta zagaya ƙasashe takwas na Turai da zanen waɗannan mutane daga 1958 zuwa 1959, aka riƙa nuna su a matsayin shaidar cewa a Amurka mai zane yana da 'yanci, ba kamar Mosko ba. Har yau masana tarihi na jayayya kan yawan hannun CIA a irin waɗannan nune-nune. Amma lokacin wancan zagaye, Pollock ya shekara biyu a kabari. An yi amfani da aikinsu a Yaƙin Cacar Baki, wannan gaskiya ne. Ba a ƙera shi a ofis ba.

Abin da masu yaɗa maganar ke tsallakewa shi ne yadda 'yan siyasar Amurka suka tsani zanen zamani a lokacin. A 1947 ma'aikatar harkokin waje ta janye wani nuni da ta tura ƙetare, shugaba Truman da kansa ya yi masa ba'a, sannan a 1949 ɗan majalisa George Dondero ya tashi ya ce makircin gurguzu ne.

Batun giya kuma, Pollock ya yi fama da ita, tana cikin abin da ya jawo haɗarin motar da ya kashe shi a 1956 yana da shekara 44. Sai dai manyan ayyukansa, irin su Autumn Rhythm da Lavender Mist na 1950, ya yi su ne a shekaru biyun da ya ajiye kwalba. Hans Namuth ya ɗauke shi a fim a shekarar. Ga yadi shimfiɗe a ƙasa, ga gwangwanin fentin gida a hannu ɗaya, sanda ko busasshen buroshi a ɗayan, yana zagaya yadin ta kowane gefe. In ya zabura da wuyan hannu sai layin ya fito siriri, in ya sassauta sai fentin ya taru ya yi kauri. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon zane wajen Thomas Hart Benton ne ke wannan aiki, kuma duk wanda ya tsaya ya kalli hannun nan da idon basira zai ga saiti a cikinsa.

Ƙaryar da ta fi ci mini rai ita ce wadda ba a cika musantawa ba, wai Pollock ne ya fara ɗiga fenti. Janet Sobel, haifaffiyar Yukiren, uwar 'ya'ya biyar da ta fara zane bayan ta haura arba'in, ta yi Milky Way da wannan dabara a 1945, shekara biyu kafin shi. Clement Greenberg, mai sharhin da ya fi kowa tallata Pollock, ya rubuta daga baya cewa tare suka ga aikinta kuma ya yi tasiri a kan Pollock. Zanen nata yana hannun MoMA, amma littattafai da yawa sun ba da tarihin salon ba su ambaci sunanta ba.