Shin Ko Kun San? Abin da ke hana mikin mai ciwon sukari warkewa

Shin ko kun san kumburin da ke biyo bayan rauni matakin farko ne na gyara? Tun ƙarni na farko Celsus, wani marubucin Rum, ya lissafa alamominsa huɗu: ja, kumburi, zafi da raɗaɗi.

Ko kun san akwai fararen ƙwayoyin jini, makrofaj, masu aiki biyu? Da farko su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Bayan 'yan kwanaki sai su sauya hali, su saki sinadarai irin su VEGF, mai kiran sabbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro cikin raunin. Jan naman nan mai tsaba-tsaba da ke ciko miki daga ƙasa, cike yake da waɗannan jijiyoyin. A 1989 wani mai bincike, Napoleone Ferrara, ya ware VEGF a Amurka.

To, a jikin da sukari ya yi yawa, wannan sauyin ne ke cijewa. Makrofaj su ci gaba da zubo sinadaran kumburi irin su TNF, kamar sojojin da suka ƙi janyewa magina su shigo. Jijiyoyi ba su tsiro sosai ba, jini bai isa ba, miki ya zama gyambo.

Mafi muni, ciwon na kashe jin ƙafa. Manomin albasa a kwarin Tarka, kusa da Madawa, kan iya taka ƙayar aduwa ya wuni a garka bai sani ba. Haka mai yawo a duwatsun Adar, tsakanin Buza da Keita, da fason hunturu a dunduniya. Bincike ya ƙiyasta kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon sukari za su yi mikin ƙafa a rayuwarsu. Duba tafin ƙafa kowane dare ba ya cin ko dala, kuma ya fi jiran ranar da za a kwashi mutum zuwa asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950.

Ko kun san taka ƙafa mai miki na murƙushe sabbin jijiyoyin? Sigari kuma na tsuke tsofaffin.

Ko kun san a idon mai sukari abin juyewa yake? Can VEGF yawa yake yi, jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro su zubar da jini, har likitoci na yin allura cikin ido don danne shi.