Jirgin ruwa a bayan a-kori-kura: tafiyar da ke bukatar hankali

Hausawa na cewa ruwa ba sa'ar kwando ba ne. Haka kuma tudu ba sa'ar jirgi ba ne. Amma a ƙasar Nijar tilas kan sa jirgin ruwa ya yi doguwar tafiya bisa tudu, domin ruwayen ƙasar a warwatse suke. Kogin Isa yana can yamma, yana ratsa ƙasar tsawon kilomita kamar 550, daga iyakar Mali zuwa Gaya. Tabkin Cadi yana can ƙuryar gabas. A tsakani sai tabkuna irin na Madarunfa a jihar Maraɗi da na Tabalak a jihar Tawa, inda masunta ke neman tarwaɗa da karfasa. Babu gulbin da ya haɗa waɗannan ruwaye. Wanda ya sayi jirgi a bakin kogi, yana nufin kai shi tabki, sai ya nemi mota.

Motar da aka fi nema ita ce a-kori-kura, wadda direbobi ke kira bashe. Kuɗin hayarta bai kai na babbar mota ba, kuma tana shiga inda babbar ba ta shiga. Peugeot 404 ita ce ta yi suna a wannan aiki tun shekarun 1970, sannan 504 ta biyo ta, daga baya Toyota Hilux ta cika tashoshi. Dukansu an ƙera su ne don ɗaukar kaya a gadon bayansu. Jan kaya kuwa wani aiki ne dabam, mai nasa sharuɗɗa.

Dalilin tafiyar

Masunci yana bin ruwa kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa. A shekarun 1960 faɗin Tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita kamar 25,000, garin Gigimi kuwa yana bakin ruwa. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwan ya ja baya da nisa, har ɓangaren arewa ya ƙafe a wasu shekaru. Jiragen da aka bari a bakin tsohuwar gaɓa suka bushe a kan rairayi. Wanda ya sami hanyar kai nasa inda ruwa ya koma, shi ya ci gaba da sana'a.

Ambaliya ma takan kira jirgi inda ba a saba ganinsa ba. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke babbar hanya a mafitar birnin ta gabas, har sai da aka riƙa ƙetarar da matafiya cikin jirage. A irin wannan rana jirgin da ya makale a hanya, saboda tayar tirela ta fashe ko ƙugiya ta karye, ba dukiya kaɗai ya jawo wa asara ba, akwai masu jiransa a bisa rufin ɗaki.

Lissafin nauyi

Kuskuren farko shi ne auna jirgi da ido. Jirgin katako da ya daɗe cikin ruwa ya sha ya ƙoshi, nauyinsa ya fi na ranar da kafinta ya gama shi. Kowace lita ta ruwan da ya kwanta a cikinsa kilo guda ce. A ɗauka jirgin kilo 500 ne, tirelar da ke ɗauke da shi kilo 250. Tun ba a saka kome ba an kai 750. Idan aka ƙara inji, da jarkokin mai, da taru jiƙaƙƙe, da buhun gero na guzuri, sai a tasam ma tan guda.

Wannan adadi na 750 yana da ma'ana. A dokar hanya ta Faransa da sauran ƙasashen Turai, tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birki nata na kanta. Tirelolin da masu walda ke haɗawa da tsohon gatarin mota galibi ba su da shi. Ke nan birkin motar shi kaɗai zai tsai da motar da abin da take ja. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Jaki ko yaro da ya faɗo hanya ba ya jiran wannan lissafi.

Bayan yawan nauyi sai rabonsa. Ana so kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela, ko ƙasa da haka kaɗan, ya danna ƙugiyar da ke bayan mota. In jirgin ya ja baya da yawa, kan tirelar ya yi sakayau, sai ta soma kaɗa wutsiya da zarar an ɗan yi gudu, har ta kai ga juya motar. In kuma ya matso gaba da yawa, bayan motar ya durƙusa, tayoyin gaba suka rasa nauyi, sitiyari ba ya jin magana. Saboda haka ƙwararrun direbobi sukan cire injin jirgin da jarkokin mai su ɗora a gadon mota. Wannan yana rage wa tirela kaya, yana kuma danne tayoyin baya, waɗanda su ne ke tura motar cikin laka da yashi.

A kan hanya

Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 650, zuwa Damagaram kuwa kusan 900. Mai jan jirgi yakan yi sammako, tun kwalta ba ta yi zafi ba. Tayar tirela in ƙarama ce ta fi ta mota yawan juyawa, ta fi ta saurin ɗaukar zafi. Direba mai hankali yakan tsaya bayan ƴan kilomitoci na farko ya sake ɗaure igiyoyi, domin girgiza takan sassauta su, ya kuma taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannunsa. In ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, to giris ya ƙare, tsayawa ta zama wajibi.

Ƙugiya ita kaɗai ba abar dogaro ba ce. Ana ƙara mata sarƙa biyu, a gicciya su ƙarƙashin wuyan tirela, yadda ko ƙugiyar ta kuɓuce wuyan zai faɗa bisa sarƙa maimakon ya caki ƙasa. Gindin jirgin da ya zarce tirela ana ɗaura masa jan ƙyalle, da dare kuma fitila. A gangare, irin wanda ake samu a ƙasar Adar mai duwatsu, ana sauka ne da ƙaramar giya, don kada birki ya ƙone. In tirela ta soma lilo, ko iskar babbar mota ta buge ta, magani shi ne a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari daram. Wanda ya taka birki da ƙarfi a wannan hali ya ƙara wa wuta mai. Ba a kuma ɗaukar mutum a cikin jirgin da ake ja, ko da ɗan gida ne mai neman ragin kuɗin mota.

Shi kansa jirgin yana wahala. Hanyar tsakuwa mai gargada takan girgiza kusoshi, iskar hunturu kuma ta busar da katako har haɗin ya buɗe. Don haka ana shimfiɗa masa tsofaffin tayoyi, a rufe shi da tabarmi ko buhuna masu laima, a kuma bar shi ya kwana a ruwa marar zurfi kafin a shiga da shi tsakiya.

A bakin ruwa

Tabkuna ba su da gangaren siminti, sai laka. Mota mai ja da tayoyin baya kaɗai, in ta kusanci ruwa da yawa, ita ma sai an nemo masu jan ta. Dabarar masunta ita ce a tsai da mota a busasshen wuri, a sa dutse a taya, a kwance tirela, samari su tura ta da hannu ko a sassauta ta da doguwar igiya. A kuma dakata cibiyoyin taya su huce tukuna, domin ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ciki, giris ya lalace, ɓarnar ba ta bayyana sai a hanyar komawa.

Kafin jirgi ya taɓa ruwa, baƙo yakan gai da sarkin ruwa, ya kuma nuna takardar izinin su ga ma'aikatan daji, waɗanda kula da kifi ke hannunsu. Jirgin nan sau da yawa shi ne dukan jarin gida, wani lokaci ma da bashi aka saye shi. Kwana guda da aka ƙara a hanya bai kai asarar shekara ba. Tafiya sannu sannu, in ji magabata, kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dace da ruwa.