Ko ogan ɗin Abuja zai iya rera waƙoƙin talbijin?

Duk ma'aikacin da ya taɓa raka maigidansa addu'ar zagayowar ranar samun 'yancin kai a Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da ke tsakiyar Abuja, ya san wani sauti da ke ratsa ƙirji tun kafin kunne ya tantance shi. Ogan ne mai bututu, wanda aka girka kusa da mazaunin mawaƙa a ginin da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2005. Akasarin jama'a ba su san shi ba sai a irin waɗannan ranaku: a tashi tsaye, a rera, a watse.

A wasu ƙasashe kuwa, an fito da wannan kayan kiɗa daga keɓewa ta hanyar waƙoƙin da kowa ya haddace. Kiɗan fim ɗin Interstellar na 2014, wanda Hans Zimmer ya tsara, da ogan ɗin cocin Temple da ke Landan aka naɗe shi. Anna Lapwood ta tara ɗimbin matasa a intanet da kiɗan fina-finai a ogan ɗin zauren Royal Albert Hall mai bututu 9,999. Abin ma ya daɗe: a shekarun 1920 ogan ne ke raka fina-finai marasa magana a sinimomin Amurka da Ingila.

Mu ma muna da abin bugawa

A farkon shekarun 1980, da zarar muryar Bongos Ikwue ta tashi a NTA, gida ya san lokacin Cock Crow at Dawn ya yi. Haka Village Headmaster, haka Samanja na Usman Baba Pategi a Kaduna. Manyan sakatarori da daraktocin yau da waɗannan shirye-shirye suka girma, wasunsu ta tagar maƙwabta suka kalla.

Ɗora karin gida a kan ogan kuma an riga an share hanyarsa. Fela Sowande, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1987, ya gina kaɗe-kaɗen ogan a kan karin waƙoƙin Najeriya, har ya raɗa wa ɗaya suna Obangiji, kalmar da Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa.

Inda gizo ke saƙar

Ogan iska yake sha. Injin lantarki ke hura ta, makaɗi ya danna, ta bi bututu kamar yadda take bin sarewa. Gwargwadon tsawon bututu, gwargwadon kaurin muryarsa. Sautin ba ya dusashewa muddin yatsa na kai, kuma ƙarfin dannawa ba ya ƙara masa amo. Waƙar talbijin kuwa da jita da ganga take tafiya, don haka dole makaɗi ya sake mata zubi: hannun dama ya ɗauki murya, na hagu ya riƙe rakiya, ƙafafu su yi aikin ganga a kan manyan madannai na ƙasa.

Yanayin Abuja ma ba ya raga masa. Hunturu na busar da katako da fatar da ke riƙe iska, ƙura na shiga bakin bututu, zafi kuma na ɗaga sauti daga inda aka daidaita shi. Ogan ɗin da ba a bugawa a kai a kai shi ya fi ɓoye cutarsa, sai ranar babban taro ta bayyana.

Akwai kuma haƙƙoƙi biyu. Wurin ibada ne, kuma masu kula da shi ke da ta cewa kan abin da ya dace a buga a ciki. Sannan waƙoƙin suna da masu su. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi neman izini kafin a sake wa aikin wani zubi.

Jami'an da ke tsara bukukuwan ƙasa su ke da damar tayar da maganar. Idan shugabannin cibiyar suka amince, masu waƙa suka ba da izini, maraice guda a makon 1 ga Oktoba ya isa gwaji. Yaron da ya shigo don jin waƙar da mahaifinsa ke yawan rerawa a mota, wataƙila shi ne zai nemi a koya masa, kuma ogan ba ya daɗewa a garin da babu mai koyonsa.