Havengore: Jirgin Katakon da Ya Ɗauki Gawar Churchill

Kogin Tems da ya ratsa birnin Landan ba ya kwana yadda ya wuni. Sau biyu a rana ruwan teku yake kutsowa cikinsa ya cika shi, sannan ya janye, kuma tsakanin cika da janyewa ruwan kan sauka da kusan mita bakwai. Kowane zuwa da komawa yana kwashe laka da yashi daga nan ya zube su can. Inda babban jirgi ya wuce lafiya bara, bana sai ya kafe. Shi ya sa hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan, wadda aka kafa a 1909, ba ta rabuwa da ma'aikatan auna zurfin ruwa, su kuma ba su da aiki sai da jirgi.

Don wannan aikin aka ƙera Havengore. Kamfanin Tough Brothers da ke Teddington, a bakin kogin, shi ya haɗa shi, ya fara aiki a 1956. An sa masa sunan wani ɗan tsibiri da ke gaɓar Essex. Tsawonsa ƙafa 85, wato kimanin mita 26, kuma injinan dizal biyu ƙirar Gardner ne suke tura shi. Haƙarƙarinsa na itacen ok ne, jikinsa kuwa katakon tik ne ninki biyu, wani a kan wani. Ba don ado aka zaɓi tik ba. Itace ne mai maiƙo a jikinsa, ruwa ba ya saurin cinsa, ba ya kumbura ko ya motse sosai, kuma ninkin nan yana ƙara wa jikin ƙarfi ya toshe kafar yoyo.

Shekara tara yana wannan aiki ba wanda ya san da zamansa sai ma'aikatan kogi. Sai Winston Churchill, firaministan da ya jagoranci Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu ranar 24 ga Janairu 1965 yana da shekara 90. Ranar 30 ga wata aka yi masa jana'izar ƙasa a majami'ar St Paul. Daga nan sojoji suka sauko da akwatin gawar, lulluɓe da tutar ƙasa, zuwa mashigar da ke kusa da Hasumiyar Landan, suka ɗora shi a bayan Havengore. Aka yi harbin igwa 19, jiragen yaƙi suka wuce ta sama, jirgin ya nufi Festival Pier. Yana wucewa, manyan injinan ɗaga kaya na Hay's Wharf suka sunkuyar da dogayen wuyansu. Wannan hoton ne ya fi zama a zukatan waɗanda suka kalla, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 350 ne suka kalli jana'izar a talabijin. Daga Festival Pier aka wuce da gawar tashar Waterloo, jirgin ƙasa ya ɗauke ta zuwa kusa da ƙauyen Bladon, a ƙauyen aka binne ta.

Tafiyar da Havengore ya yi da gawar ba ta kai awa ɗaya ba. Bayanta jirgin ya koma bakin aikinsa, ya ƙara shekara 30 yana bin kogi yana auna zurfi, sai a 1995 hukumar ta sallame shi. A ganina wannan ne babban abin yabo a tarihinsa, ko da yake ba shi ake tunawa ba: jirgin katako ya yi kusan shekara 40 yana aikin yau da gobe a cikin ruwa mai gishiri da laka, a zamanin da ƙarfe da roba suka riga suka karɓe sana'ar.

A wannan gaɓar ce yawancin irinsa suke ƙarewa. Muddin jirgi yana hannun hukuma, akwai kasafin fenti, akwai kafinta, akwai makaniki. Ranar da aka ɗaure shi aka bar shi, ruɓa ta fara. Abin mamaki, ruwan sama ya fi na teku illa: shi ne yake sulalewa ta tsagar daɓen sama ya kwanta a lungu, inda iska ba ta kaiwa, har itace ya yi laushi a tura masa yatsa ya shige. Duk mai kwalekwale a Yawuri ya san jirgin da aka jingine ya fi wanda ake tuƙawa saurin mutuwa.

Havengore ya tsira ne saboda rana ɗaya tak da ya yi a idon duniya. Masu zaman kansu suka saye shi daga hukumar, suka kai shi tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta Chatham aka yi masa gyara na shekaru. A 2006 ya sake canja hannu, wani ɗan kasuwar Birtaniya ya saye shi ya ci gaba da gyaran. Mallakar irin wannan jirgi riƙon amana ce mai cin kuɗi. Mai shi ne ke biyan wurin ɗaurewa da inshora da masu gwanintar aikin katako, waɗanda kullum raguwa suke yi, alhali jama'a suna kallon jirgin a matsayin nasu. Don rage nauyin ne aka riƙa ba da hayarsa ga masu biki da taro.

Ya kuma koma hidimar ƙasa. Ranar 3 ga Yuni 2012, a bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 a kan mulki, yana cikin jerin ɗaruruwan jirage da suka bi kogin, ɗauke da wasu 'yan gidan sarauta. Ranar 30 ga Janairu 2015 kuma, shekara 50 cif bayan jana'izar, ya sake bin hanyar nan da iyalan Churchill a cikinsa, aka buɗe masa gadar Tower Bridge, aka jefa furanni a ruwa daura da majalisar dokoki.