Jinyar Mai Ƙiba

A ƙasarmu in mutum ya yi ƙiba akan ce ya ji daɗi. Amma ran da ciwo ya kwantar da shi, ƙibar nan takan zama kaya, gare shi da masu jinyarsa.

A ce an kawo innarmu daga Roni ko Gwiwa, an kwantar da ita a Babban Asibitin Kazaure. Jikinta da nauyi. Tausayi zai sa mu ce a bar ta ta huta. To, doguwar kwanciya ita ma cuta ce. Inda jiki ya danne yakan zama gyambo. Jini yakan daskare a jijiyar ƙafa. Majina takan taru a ƙirji. Ƙarfin ƙafafu kuma ya tafi.

Saboda haka a riƙa juya ta bayan kowace awa 2. A ɗaga kanta da matashi, gama mai ƙiba ba ya numfashi sosai in ya kwanta rigingine. A wanke duk inda tsoka ta ninku, a tsane shi sarai.

In likita ya ce ta tashi, kada ɗayanmu ya gwada shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kira malamin asibiti, mu zama uku ko huɗu. Kada a ja ta da hannu, kafaɗa tana iya gocewa. Zanen da ke ƙarƙashinta za mu kama. Mu tanƙwara gwiwa, ba baya ba, don kada mu ma mu kwanta.

Da fari a juya ta gefe, a sauko da ƙafafunta, ta zauna bakin gado har jiri ya wuce. Sa'an nan ta miƙe. Yau taki biyu, gobe biyar. Sannu ba ta hana zuwa. In ta tafi faɗuwa, mu sassauta ta zuwa ƙasa a hankali, mu kare kanta.

In ƙafa ta ƙi ƙarfi, akwai masu gashin ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Su ne gwanayen koya wa mara lafiya tafiya.

Abu ɗaya ya rage. Mu rufe mata jiki, kada kowa ya yi mata ba'a. Wanda aka kunyata yau, gobe ba zai yarda ya tashi ba.

Tambayoyi
1. Wace illa doguwar kwanciya take yi?
2. Don me ba a jan mara lafiya da hannu?
3. Me za mu yi in ya tafi faɗuwa?