Littafin Hisabin Da Ke Cikin Firinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kwamfuta a Kwanar Dangora ko a Tudun Wada a lokacin da ɗalibai ke tururuwar ciro silif ɗin jarrabawar JAMB, ko kuwa ya zauna a ofishin da kwamfutoci biyar ko shida suka yi tarayya a kan firinta ɗaya, lalle ya san irin gardamar da ke tashi idan an wayi gari rim ɗin takarda mai warƙa 500 ya ƙare, hoda ta yi ƙasa, alhali kuɗin da ke cikin durowa bai kai rabin abin da aka yi tsammani ba. Maigida ya zargi yaronsa, yaro ya yi rantsuwa, a watse a kan zato. Abin da ke ba ni takaici shi ne, shaidar da za ta raba gardamar tana nan a gefensu, domin ita na'urar, matuƙar irin wadda ake jona wa wayar sadarwa ce, tana riƙe da lissafin aikinta, tana kuma amsa wa duk wanda ya san yadda ake tambayarta.

Ƙa'idar tambayar ana ce da ita SNMP. Masana intanet ne suka shimfiɗa ta a 1988, suka kuma daidaita ta a 1990, domin mai kula da na'urori ya san halin da kowace take ciki ba tare da ya taka zuwa gare ta ba. A cikin firintar akwai wata ƙaramar manhaja da ke matsayin wakili, tana sauraro a ƙofa mai lamba 161. Kwamfutar mai lura ta aiko da tambaya, wakili ya mayar da jawabi, in kuma wani abu ya faru ba zato, kamar maƙalewar takarda, yana iya aika sanarwa da kansa ta ƙofa ta 162.

Sai dai jawabin ba da kalmomi yake zuwa ba. Kowane abu da za a iya tambaya yana da jerin lambobi da ɗigo a tsakaninsu, wanda in mutum ya lura zai ga ya yi kama da salsalar nasaba, inda ake farowa daga kaka na can sama a gangaro ɗa bayan uba har a iso kan wanda ake nufi. Zuriyar firinta tana ƙarƙashin 1.3.6.1.2.1.43, kuma daga nan rassa suke fita, wani na tiren takarda, wani na hoda, wani na adadin shafukan da na'urar ta buga tun ranar da aka ƙera ta. To, kamar yadda almajiri ba ya cin moriyar matani mai wuya sai da ƙamus ko sharhi a gefensa, haka manhajar lura ba ta sanin ma'anar waɗannan lambobi sai an ɗora mata fayil ɗin da ake kira MIB, wanda rubutu ne kawai da ke bayyana sunan kowace lamba, da nau'in ƙimar da za ta dawo da ita, da abin da ƙimar ke nufi. Na firinta ya fito a 1995, aka sabunta shi a 2004. A cikinsa ne aka fayyace, alal misali, cewa idan ma'aunin hoda ya dawo da -3, ma'anarsa akwai saura amma na'urar ba ta san gwargwadonsa ba. Wanda bai karanta sharhin ba sai ya ɗauka na'urarsa ta lalace. Kamfanoni kuma kowanne da reshensa na kansa, HP lamba 11, Xerox 253, Canon 1602, kuma fayilolinsu daga wurinsu suke fitowa.

Wannan duk labarin lafiyar na'ura ne. Sanin wanda ya aiko da aiki kaza, da yawan shafukansa, da ko ya fita ko an soke shi, wani babi ne daban, wanda aka keɓe masa nasa MIB a 1999 a takarda mai lamba RFC 2707. A can an jera halayen da aiki ke shiga, tun daga jiran layi, zuwa bugawa, zuwa tsayawa saboda wani cikas, har zuwa kammaluwa ko sokewa. Amma a nan ne mai nema yakan sha wahala, domin ba kowane kamfani ne ya sanya wannan babi a na'urarsa ba, wadda ma take da shi ba ta ajiye labarin aikin da ya ƙare sai na ɗan taƙi, wanda asalin ƙa'idar ta ƙayyade shi a daƙiƙa 60, ta yadda in manhajar lura ta yi jinkirin tambaya sai ta tarar an share. Saboda haka ra'ayina shi ne a raba aikin biyu: jimillar shafuka a karɓe ta daga firinta safe da yamma, sunan mai aiki kuwa a samo shi ta hanyar tilasta kowane aiki ya bi ta kwamfuta ɗaya mai rajista. In lissafin biyu ya saɓa, an san akwai wanda ya bi ta bayan gida.

Fa'idar wannan ta fi bayyana a inda gari ya yi nisa. Mai ofis a Bebeji ko Kiru yana iya zuwa Kano ya sayo hoda ya komo kafin la'asar, amma na Riruwai, hedikwatar Doguwa, wanda sai ya ratsa dajin Falgore, ya fi kowa bukatar ya sani tun da sauran mako guda cewa kayansa sun kusa ƙarewa. Ɗaukewar wuta ba ta share adadin shafuka, wannan abin dogaro ne. Ma'aunin hoda kuwa yakan yi ƙarya idan an yi wa kwanson ɗuri maimakon a sayi sabo, kamar yadda akasarinmu muke yi, don haka kada a ɗora hukunci a kansa.

Akwai kuma batun amana, wanda bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Rajistar ayyuka tana ɗauke da sunayen mutane da na takardunsu, na albashi ne ko na asibiti, alhali tsohuwar siga ta SNMP ba ta da wani makulli sai kalma ɗaya da ke tafiya a fili, wadda mafi yawan na'urori ke fitowa da ita daga kamfani a matsayin public, kowa kuma ya san ta. Siga ta uku, wadda aka tabbatar a 2002, ta zo da tantance mai tambaya da ɓoye saƙo. Ina roƙon duk wanda aka damƙa wa kula da firintar ofis ko ta makaranta a ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ya shiga shafin saitinta ya sauya wannan kalma, ya kunna siga ta uku in tana da ita, sannan ya sanar da abokan aikinsa a fili cewa daga yau ana ƙidaya shafuka.